Yadda Aka Ja Everard Kan Kujera

Gidan Shugaba,
Kwalejin Brantham,
12 ga Oktoba, 1958.

Zuwa ga 'yata Sybil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramin naki? Tun bara na ce ki daina barinsa yana fita kai ba hula a sanyin Kanada, amma ke tun kina ƙarama sai abin da kika ga dama. Ni lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ba baƙuwa ba ce.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Yayanki Everard ya gaya mini, fuskarsa har tana sheƙi, wai kin ba shi shawara ya bi zuciyarsa. Ya bi ta zuwa ina? Zuwa wani ɗan gida mai yoyo a bakin tekun ƙauyenmu Skelby, ya zauna yana rubuta waƙoƙi da tsohuwar rigar sanyi? Mutum mai shekara hamsin da takwas! Ban yi tsammanin wannan daga gare ki ba.

Bari in tuna miki abin da nisa ya sa kika manta. Mahaifinku tikitin jirgin ƙasa ya sayar har ya koma ga Allah. Everard da ƙwaƙwalwarsa ya shigo kwalejin nan yana saurayi, da takalmin aro. Ya koyar da adabi, ya kula da ɗalibai lokacin yaƙi, yau ga shi shi ne Shugaba. Bai yi aure ba, don haka ni nake tarbar baƙinsa, kuma ban taɓa kunyata shi a tebur ba. Waƙoƙi kuwa, ya buga 'yan littattafai sirara, an yaba a jarida, na gode Allah. Na karanta na farkon ban ga inda ya dosa ba. Waƙa abin yi ce bayan an tashi daga aiki, ba ita ce aikin ba.

Wa'adinsa na shekara bakwai zai cika a Disamba, kuma har mai kawo mana madara ya san shi za a sake zaɓa. Malaman sun rabu gida biyu. 'Yan kimiyya suna so a tuge tsohon lambu a gina musu ɗakunan gwaji, tsofaffin sun ce sai bayan ransu. Ba don Everard ba, da ko gishiri ba za su miƙa wa juna a tebur ba. A irin wannan lokacin kike so ya tattara ya gudu?

Wancan karon da aka zaɓe shi kina fama da goyo, ba ki zo ba, shi ya sa ba ki san darajar abin da kike so ya yar ba. A nan ba a neman kujerar, ba a kuma cewa ba a so tun ba a ba mutum ba. Duka biyun rashin kunya ne. Malamai sukan shiga cocin kwaleji a rufe ƙofa su yi zaɓe. Sai a buɗe, jama'a su shiga, a kira sunan wanda aka zaɓa. Al'ada ce ya miƙe ya ce bai isa ba, a ba wani. A sake kiransa, ya sake ƙi. Daga nan malamai biyu da suka fi kowa tsufa su kama hannayensa, su ja shi yana turjewa har kan kujerar itacen da ke gaban coci. Da zarar ya zauna aka kaɗa ƙararrawa, zaman ya zama rantsuwa a gaban Allah: ba ya sauka sai wa'adi ya cika, ko mutuwa ta sauke shi. Ranar nan ina zaune a bene, inda mata ke zama, na yi hawaye har sai da matar Farfesa Maddox ta ara mini hankici.

Na ce masa, "Everard, wanda Allah ya ɗora wa kaya ba ya sauke su don ya gaji." Ya ce, "To, Mama," ya ci gaba da shafa man shanu a burodi. Kin san wannan "to" ɗin nasa. Ki rubuto masa ki warware abin da kika ƙulla.

Ki gai da kowa da kowa. Ki sa wa yaron nan hula.

Mahaifiyarki,
Muriel Tolland.


2 ga Nuwamba, 1958.

'Yata Sybil,

Ina gaishe ki, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki ya iso, safar ta yi mini kaɗan, amma na gode. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Lahadin da ta wuce muna coci, ina gefen Everard. Aka ta da waƙar yabo, yana riƙe da littafi yana rerawa daidai, ba kuskure. Sai na lura kowa ya juya shafi ban da shi. Na leƙa: shafin addu'ar jana'iza ya buɗe. Da ka yake yi. Nan take abubuwa suka dawo mini: madarar da ya zuba a gefen kofi, da ranar da ya ɗaga wa mai lambu hula yana ce masa Farfesa.

Muna komawa gida na tura ƙofar falo na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun yaushe me, Mama?"

Na ce, "Kada ka mai da ni yarinya. Ni na koya maka baƙi, na san lokacin da kake karatu da lokacin da kake kwaikwayon karatu."

Sai ya zauna ya faɗa mini. Ya ga likitan ido a London tun bazara. Tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa, ido biyun duka, kuma ba magani. Likitan ya ce karatu da rubutu bai fi shekara biyu ko uku suka rage masa ba, in ya tattala. Ashe ke ya gaya miki, ni da nake gida ɗaya da shi aka ɓoye mini. Wannan maganar za mu yi ta wata rana.

Da yamma ya ɗauko wasu takardu daga aljihun tebur ya ce in karanta masa, don rubutunsa na da ya yi masa ƙanƙanta. Doguwar waƙa ce a kan Skelby. Ba ƙafiya, ba tsari, layi wani dogo wani gajere, na kuma faɗa masa haka. Amma Sybil, fadamar nan tana ciki, da warin laka idan ruwa ya janye, da matan da ke tonon ƙumbar teku a laka da siket a ɗaure a ƙugu. Mahaifinku yana ciki, yana tafe a gefen layin dogo da kwanon abincinsa, har da yadda yake jan ƙafar hagu. Na ɗauka ni kaɗai na san yana jan ƙafar. Ina cikin karatu, an kai inda ruwan teku ya fara dawowa, matan ba su ankara ba, sai takarda ta ƙare a tsakiyar jimla.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Nan na tsaya makon da aka ja ni kan kujera. Shekara bakwai ke nan ruwan yana tsaye, Mama, matan suna jira na."

Washegari na shiga ofishinsa na ga abin da yake cinye idon da shi. Rahoton kwamiti a kan bututun banɗaki. Ƙorafi a kan inda ɗalibai ke jingine keke. Takarda mai kauri a kan ko za a ci gaba da ba malamai kifi ranar Juma'a. Ya manna gilashin ƙara girma a kai, hancinsa kusan yana taɓa takardar.

Ido amana ce, za a kuma tambayi mutum yadda ya kashe ta. Bututu kowa na iya karanta labarinsa. Ƙafar mahaifinku kuwa in Everard bai rubuta ba, ba mai rubutawa. Don haka na ce masa ya sauka. Kada ki ɗauka na ce kin yi daidai. Ke zuciya kika ce ya bi, ni kuwa hakki nake magana.

Ya riga ya kama gidan Skelby daga watan Janairu. Na ce zan bi shi in an gyara rufin.

Ki gai da maigidanki da yara.

Mahaifiyarki,
Muriel Tolland.


23 ga Nuwamba, 1958.

'Yata Sybil,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da tarin ya lafa. Kin tambaya ko ya sanar da su. Ya sanar, ni ma na sanar, amma kamar da bango muke magana, bangon kuma mai murmushi.

Ya fara da Farfesa Maddox, tunda shi ne jagoran tsofaffin, ya haura tamanin, shi ya koyar da Everard yana ɗalibi. Ya ce masa ba ya son a sake zaɓarsa. Tsohon ya bushe da dariya har da buga gwiwa, ya ce, "Haba, yaro, turjiya tun yanzu? Adana ta sai ranar, kada ta huce!"

Everard ya daure ya faɗa masa maganar ido. Kin san abin da ya sha kafin ya iya furta wannan ga wani. Maddox ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Allah sarki. Amma ai mun taɓa yin makahon Shugaba, shi ne ma ya gina mana ɗakin karatu. Za mu ɗaukar maka mai karanta maka takardu. Kuma ka duba ribar: ka huta da ganin fuskar Penhale."

Shi Dakta Penhale ɗin, jagoran 'yan kimiyya, da Everard ya je gare shi cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, mu ba idonka muke bukata ba, zamanka muke bukata. Kana tashi, ko dai ni in hau tsofaffin nan su mutu da baƙin ciki, ko ɗayansu ya hau ni in mutu. Zaɓi gawar da kake so."

Na ce to ya rubuta a takarda. Ya rubuta. Sakataren majalisar malamai ya dawo masa da ita da hannunsa, cikin ladabi, ya ce doka ba ta san ƙin abin da ba a bayar ba. Wurin ƙi guda ɗaya ne, cikin coci, bayan an kira suna. Kin gani? Wuri ɗaya tak aka ba mutum ya ce a'a, kuma a wurin kowa a'a yake cewa.

Ni ma na gwada tawa. Na gayyaci matar Maddox shan shayi, na ajiye duk wani kwana-kwana na ce mata, "Beatrice, ɗana ba ya so, ni ma ba na so. Ki gaya wa mijinki." Ta riƙe hannuna ta ce, "Kai, Muriel, tawali'un gidanku ya isa a yi wa'azi da shi. Ashe a wurinki ya gado. Ƙara mini kek ɗin nan, wa ya gasa?" Na dube ta, na ga har zuciyarta yabona take yi. Ban taɓa jin sha'awar jifan mutum da butar shayi ba sai ranar.

Tun da na tare a gidan nan ban lura da tsawon katangar kwalejin ba sai yanzu. Ta kowace taga ita ake gani. Ƙararrawa ta ce a tashi, ta ce a ci, ta ce a yi addu'a, mai gadi ya ɗaga mini hula duk lokacin da zan fita kamar yana lissafa dawowata. Kowa na ƙaunarmu, Sybil. Da maƙiya ne da na san yadda zan yi da su.

Na zaunar da yayanki na ce, "Ranar zaɓe kada ka faɗi kalmomin nan na al'ada. Ka yi magana irin ta Skelby, wadda ko mai kamun kifi zai gane. Idan sun kama ka, ka kafe ƙafa kamar jaki. Ka fi su ƙarfi su biyun a haɗe."

Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta. Ya ce, "Mama, ke ce yau kike koya mini rashin kunya a coci?"

Na ce, "Gaskiya nake koya maka, ita na saba koya maka."

Na fara naɗe labulaye. Ki sa mu a addu'a ranar zaɓe, goma ga Disamba.

Mahaifiyarki,
Muriel Tolland.


14 ga Disamba, 1958.

'Yata Sybil,

Ina gaishe ki, ina gai da yara. Da fatan kuna lafiya. Mu ma jiki lafiya.

Zan faɗa miki yadda aka yi daki-daki, don kada ki ji a bakin wani.

Da aka buɗe ƙofar coci na hau bene, matar Maddox na gefena. Malamai sun jeru cikin jajayen alkyabbu. Aka kira sunansa. Ya miƙe, bai faɗi kalmomin al'ada ba. Ya ce, "Ba na so. Ba wasa nake ba, ba kuma al'ada nake cikawa ba. Ku zaɓi wani." Sai dariya ta ratsa cocin, irin ta jin daɗi. Wani daga baya ya ce, "Sabon salo!"

Aka sake kira. Ya riƙe bayan bencin da ke gabansa ya ce, "Idona yana mutuwa. Akwai aikin da nake so in gama kafin duhu. Na yi muku hidima tun ina saurayi, ban taɓa roƙonku komai ba. Yau ina roƙonku, ku sake ni."

Wurin ya yi tsit. Na ce a raina an gama, sun ji. Sai Penhale ya ɗaga hannu ya fara tafi, sannu a hankali, sauran suka ɗauka. Matar Maddox ta raɗa mini, "Mawaƙi dai mawaƙi ne. Ba a taɓa turjiya mai ratsa jiki haka ba."

Tsofaffin biyu suka taso: Maddox, da Dakta Ferrars wanda ya doshi casa'in, wanda ba ya taku sai da sanda. Ferrars ya miƙa wa wani sandarsa don ya sami hannun kama Everard. Yayanki ya kafe kamar yadda na ce. Suka ja, bai motsa ba. Jama'a na ta murna. Ferrars ya sake ja da duk ɗan ƙarfinsa, sai na ga fuskarsa ta yi fari, gwiwoyinsa sun lanƙwashe, ga daɓen dutse a ƙasa. Da Everard ya fizge hannunsa ko kaɗan, da tsohon nan ya fasa kai. Me kike so ya yi? Ya tallafe shi. Ya sa hannu a ƙugunsa, ya duba inda zai zaunar da shi, kuma ba wurin zama a gabansu sai kujerar. Shi ya kai su, Sybil, ba su suka kai shi ba. Da suka isa ya juya zai zaunar da Ferrars, tsohon ya ƙi, ya rataya a kafaɗarsa da duk nauyinsa yana haki yana cewa, "Zauna, yaro, zauna, kafin in faɗi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa ko tari da ƙarfi a coci ba, na kama ƙarfen bene na ɗaga murya na ce, "Ku sakar mini ɗana! Ya ce ba ya so! Kurame ne ku?"

Duk suka ɗago kai. Sai tafi ya ɓarke fiye da na farko, wasu har da miƙewa. Matar Maddox ta rungume ni tana kuka. Ina cikin ƙwace jikina na ga ya zauna, na ji ƙararrawa.

Washegari Maddox ya zo da fure. Wai malamai sun ji daɗin abin da na yi, suna so su shigar da shi cikin al'ada: daga yanzu duk Shugaban da aka zaɓa, uwarsa ko matarsa za ta miƙe a bene ta yi kururuwa. Na ce masa in ya gama shayinsa, ƙofa tana nan inda ya bar ta. Ya fita yana dariya yana cewa ba ni da dama.

Na san abin da za ki ce: ya tattara ya tafi, wa zai kama shi? Ba mai kama shi. Shi ma ya yi wannan tunanin. Ranar Juma'a ya same ni a ɗakina ina zaune a tsakiyar akwatunan da na ɗaure. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar lokacin da yake ɗan makaranta, ya ce, "Mama, akwai jirgin ƙasa gobe da safe. Rantsuwar da aka tura mutum cikinta, rantsuwa ce? In kin ce ba ita ba ce, mu tafi."

Ya tsaya yana jira, yana kallon ɗan gefen fuskata, don yanzu ta gefe yake ganin mutum. Kalma ɗaya yake nema. Na neme ta, Sybil, Allah ya sani na neme ta. Amma na ga zaman da idona, a ɗakin Allah, ba a ɗaure yake ba, kuma na ji ƙararrawar da kunnena. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ban kuma iya farawa ranar ba.

Na ce, "Ka zauna, Everard. An kaɗa."

Ya ce, "To, Mama." Ya durƙusa ya taya ni kwance igiyar akwati.

Abin da na faɗa gaskiya ne, ko gobe aka tambaye ni shi zan maimaita. Kada ki rubuto ki yi mini faɗa, ba abin da za ki faɗa wanda ban riga na faɗa wa kaina ba.

An mayar wa mai gidan Skelby makullinsa. Na ce ba na son mai karatun da za su ɗauka. Muddin muryata na fita ni zan riƙa karanta masa takardun kwamiti, ya adana idon don waƙar. Jiya da safe na share masa tebur, na ajiye takarda da alƙalami kusa da taga inda haske ya fi. Ya zauna, ya cire murfin alƙalamin. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa: Penhale ne da zanen ginin da za a yi a lambu, Maddox na biye da shi yana cewa sai bayan ransa. Ba su fita ba sai da rana ta juya bayan katanga.

Kada ki aiko masa da murna, kada kuma ki aiko da jaje. Ki ba shi labarin yara da dusar ƙanƙara da duk shirmen da kika ga dama. Amma ki riƙa yi da baƙin tawada, da manyan baƙaƙe, kuma kada ki jira sai kin sami lokaci. Yana so ya karanta da kansa.

Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarki,
Muriel Tolland.